Wai sai ka ɗaga murya kafin Allah ya ji addu'arka?

'Yan'uwa, abun nan ya daɗe yana damuna. Tun muna yara muke jin wai addu'ar da aka yi da ƙarfi, ana ta maimaitawa har murya ta dishe, ita ke saurin kaiwa gaban Ubangiji, shi ya sa wasu in sun yi addu'a a hankali sai su ji kamar ba su yi komai ba. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba.

Ku duba 1 Sarakuna sura 18, annabawan Ba'al su 450 a Dutsen Karmel tun safe suke ihu har da tsaga jikinsu, ba wanda ya amsa musu, Iliya kuwa 'yar gajeriyar addu'a ya yi wuta ta sauko. Hannatu ma leɓunanta kawai ke motsi, har Eli firist ya ɗauka ta bugu ne, amma Allah ya ji ta ya ba ta Sama'ila. Labarinta na taɓa ni sosai gaskiya.

Yesu da kansa a Matiyu 6 ya hana mu yawan surutu a addu'a, don Ubanmu ya san bukatarmu tun kafin mu roƙa. Ba wai ɗaga murya laifi ba ne fa, makaho Bartimawas ihu ya dinga yi a hanyar Yariko har Yesu ya tsaya, amma ce masa ya yi bangaskiyarsa ce ta warkar da shi.