Fita yawon buɗe ido na wuni ɗaya tare da yara: tambayoyi da amsoshi

Iyaye da yawa suna ɗaukar yawon buɗe ido a matsayin abin da sai an yi dogon tanadi an je wani gari an kwana, alhali kuwa a kusa da yawancin gidaje akwai wuraren da yaran gidan ba su taɓa shiga ba, kamar gidan tarihi, ko gidan namun daji, ko tsohon gini, ko lambun shaƙatawa, ko bakin kogi. Ga wasu tambayoyin da sukan taso idan ana shirin irin wannan fita.

Mene ne amfanin kai yara wuraren da kullum suke wucewa ta gabansu?

Wucewa ta gaban wuri daban, shiga cikinsa daban. Yaron da ya san giwa a hoton littafi bai san girmanta ba sai ranar da ya tsaya a gabanta ya ɗaga kai, haka kuma wanda ya taɓa bangon tsohon gini da hannunsa yakan riƙe labarin mutanen da suka gina shi fiye da wanda aka karanta masa a aji. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya ambaci hutu da wasa da shiga harkokin al'adu a cikin haƙƙoƙin kowane yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar cewa masu shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, kuma wuni guda na tafiya da hawa da sauka yana cika wannan ba tare da yaron ya ji an tilasta masa ba. Kusancin wurin ma wani alheri ne, domin idan yaro ya gaji ko jikinsa ya yi zafi, komawa gida ba ta da wahala.

Wurare nawa ya kamata a ziyarta a wuni ɗaya?

A ganina wuri ɗaya ya isa, biyu kuwa shi ne iyaka, kuma a nan ne yawancin iyaye suke kuskure. Babba yana lissafin kuɗin da ya kashe da ranar hutun da ya samu da ƙyar, sai ya so a ga komai kafin rana ta faɗi, ya yi ta kiran yara su taso a tafi gaba. Shi kuwa yaro ba haka yake kallon duniya ba. Zai iya tsayawa minti 20 yana kallon biri yana ɓare ɓawon abin da aka ba shi, ko yana bin jerin tururuwa a gindin bishiya, ya bar zakin da aka biya kuɗi domin a gani. Wannan tsayuwar ita ce fitar a wurinsa, kuma ita zai tuna bayan shekaru. Idan aka fizge shi daga abin da ya ja hankalinsa sau uku ko huɗu, sai ya daina kallo ya koma bin manya kawai, daga nan kuma sai kuka da rigima.

Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne ƙafar ƙaramin cikinsu. Idan akwai ɗan shekara 3 a cikin tafiyar, to tsawon tafiyar da yawan tsayawa nasa ne, ko da yayyensa suna da sauran ƙarfi. Inda tazarar shekaru take da yawa, kuma akwai manya biyu, ana iya rabuwa na ɗan lokaci: ɗaya ya zauna a inuwa da ƙananan, ɗayan ya tafi da manyan yaran zuwa inda suke so, a sa lokacin haɗuwa. Abin da ba a gani ba yau yana nan, tunda wurin ba nesa yake ba.

Da wane lokaci ya fi dacewa a fita?

Da safe, da zarar an buɗe wurin. Hasken rana ya fi ƙona fata tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, dabbobi ma sukan fi zirga-zirga da sanyin safiya, su kwanta idan rana ta take. Yara masu shekara 1 zuwa 2 suna buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kowace rana har da na rana, don haka yana da kyau lokacin barcin ya zo ana hanyar komawa ko ana zaune a inuwa. Kafin a fita a tabbatar da ranakun da wurin yake buɗewa, domin gidajen tarihi da yawa a duniya suna rufewa ranar Litinin.

Me ya kamata a ɗauka?

Ruwan sha fiye da yadda ake zaton za a buƙata, da hula, da kayan canji ga ƙananan, da sabulu, da filasta, da maganin duk yaron da ke kan magani. Yara sukan manta da ƙishirwa idan wasa ya yi daɗi, sai a riƙa miƙa musu ruwa ba sai sun nema ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi, kuma a kiyaye shi daga rana kai tsaye. Dafaffen abinci kuwa kada ya wuce awa 2 a waje ba tare da an adana shi cikin sanyi ba, saboda ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa cikinsa da sauri a yanayin ɗumi.

Yaya za a yi da yara a cikin mota?

Wurin yara shi ne kujerar baya, kowa da bel ɗinsa, ƙananan kuma a cikin kujerar yara da ta dace da nauyinsu. Rungume jariri a cinya ba ya kare shi, domin idan aka yi karo ƙarfin da ke fizgarsa ya fi ƙarfin hannun kowane mutum. Amai da jiri a mota sun fi damun masu shekara 2 zuwa 12, kuma dalilinsu shi ne saɓani tsakanin abin da ido yake gani da abin da sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yake ji. Shi ya sa kallon waya ko karatu yake ƙara su, duban hanya can gaba da shigar iska kuma suke rage su.

Abu ɗaya da ba shi da uzuri shi ne barin yaro a rufaffiyar mota, ko da na sayen tikiti ne. Zafin cikin mota yana iya ƙaruwa da kimanin digiri 10 na ma'aunin Celsius a cikin minti 10, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, kuma sauke gilashi kaɗan ba ya hana wannan.

Idan yaro ya ɓace a cikin taro fa?

Shirin wannan tun daga gida ake yin sa. A ɗauki hoton kowane yaro da safe cikin kayan da ya sa, a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu, kuma da an shiga a nuna masa irin kayan da ma'aikatan wurin suke sawa. A koya masa cewa idan bai ga iyayensa ba ya tsaya inda yake, domin yaron da ke yawo yana neman masu nemansa ya fi wuyar samu. Manya kuma su faɗa da baki wa ke kula da wane yaro, saboda sau da yawa yaro yakan sulale ne a lokacin da kowa yake zaton ɗayan yana kallonsa.

Akwai haɗari na musamman a wurin ruwa da wurin dabbobi?

Akwai. Yaro ƙarami yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba, kuma nutsewa ba ta zuwa da ihu kamar yadda ake zato, shiru take faruwa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Don haka a bakin ruwa babba ya kasance inda hannunsa zai kai ga yaron, wayarsa kuma tana aljihu. A gidan namun daji kada a ɗora yaro a kan shinge domin ya gani da kyau, kada a ba dabba abinci sai inda aka yarda, kuma a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 bayan taɓa dabba, kafin a ci komai.

Shin gidan tarihi ba zai gunduri yara ba?

Zai gundure su idan aka bi da su ɗaki bayan ɗaki ana karanta musu kowane allo. Amma idan aka zaɓi abu huɗu ko biyar aka tsaya a kansu, labarin yakan canja. A tambayi yaro me yake tsammani ake yi da wannan tukunya, wa ya riƙe wannan takobi, me ya sa ƙofar take da kauri haka, sannan a saurari amsarsa kafin a gyara masa. A bayyana masa kuma dalilin da ya sa ba a taɓa kayan, wato maiƙo da gumin hannu suna lalata tsohon abu sannu a hankali, domin yaron da ya san dalili ya fi kiyaye doka. Idan tambayarsa ta fi ƙarfin iyaye, sai a tura shi da kansa wurin jagoran wurin ya yi ta, iyayen su tsaya a bayansa su saurari amsar tare da shi.