Mece ce oksijin sensa, kuma yaya ake gane ta lalace?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane mai mota ya sa ido kan yadda motarsa ke shan mai. Idan ka kai ƙorafi gareji, sau da yawa amsar bakanike ɗaya ce: oksijin sensa ce ta mutu.

Wata 'yar na'ura ce mai kama da filogi, da ake ɗaurawa a jikin bututun salansa. Aikinta ta auna iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙin inji, ta aika wa kwamfutar mota, wato biren bos. Injin fetur ya fi ƙona mai sarai idan aka haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Idan oksijin ta yi yawa a hayaƙi, alama ce mai ya yi kaɗan, sai kwamfuta ta ƙara. Idan oksijin ta yi ƙaranci, sai kwamfuta ta rage man. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, Volvo kuma ya fara sa ta a motocinsa a 1976.

A cikinta akwai wani tangaran da ake kira zirkoniya, wanda ke fitar da 'yar wuta tsakanin volt 0.1 da 0.9. Ba ya aiki sai zafi ya kai wajen digiri 300 na ma'aunin Celsius, shi ya sa aka sa mata hita a ciki. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da aƙalla biyu: ɗaya kafin matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, ɗaya bayanta. Ta gaban ce ke daidaita mai. Ta bayan tana duba lafiyar indomin ne.

Wajen gwaji ne ake yi wa masu mota asara. Wutar cek injin ta kama, an jona na'urar sikanin, lamba ta fito, nan take sai a ce a sayo sabuwa. Alhali lambar tana nuna inda za a fara bincike ne kawai. P0135 tana nufin matsala a layin hita, wanda yana iya zama fis ne ya ƙone ko waya ta tsinke. P0171 na cewa iska ta fi ƙarfin mai, kuma sau da yawa gaskiya sensar ta faɗa: tiyo ne ya fashe, ko famfon mai ya yi rauni. P0420 kuwa yawanci indomin ne ya gaji, ko an riga an fasa an kwashe shi, kamar yadda ake yi wa motocin tokumbo da dama.

Gwajin gaskiya shi ne a bar inji ya ɗau zafi, a kalli karatun sensar gaba a kan sikana. Mai lafiya za ta riƙa hawa da sauka da sauri tsakanin 0.1 da 0.9. Wadda ta tsaya cik a wajen 0.45, ko take motsi da nawa, ita ce abar zargi. Ta baya ita ake so ta zauna kusan wuri ɗaya. A kula, motocin Toyota da yawa suna da wata irin sensar gaba dabam, wadda ke nuna wajen volt 3.3 ba ta lilo, kuma lafiyarta lau. Hitar kuma da mita ake auna ta, bayan an zare soket.

Abin da ke kashe ta da wuri shi ne injin da ke ƙona baƙin mai, ruwan lagireto da ke zurarewa ta gaskit, da gam ɗin silikon da bai dace ba. In ba a gyara waɗannan ba, sabuwar ma ba za ta daɗe ba. Wanke ta da fetur, da ake yawan yi, ba ya farfaɗo da wadda gubar ta riga ta ci. Idan canji ya zama dole, a sayi mai lambar da ta dace da motar, a kwance tsohuwar yayin da inji ke da ɗumi-ɗumi, kada kuma a murɗe wayarta wajen ɗaurawa.