Masu son rubuta labarin namun fadama, ga amsoshinku

Tambayoyin nan su ne dai kullum ake ta maimaita min, to bari in amsa su gaba ɗaya.

Wai wannan ba tatsuniya ba ce?

A'a. A tatsuniya Gizo yana magana, kura tana zuwa biki. Nan kuwa dabba tana nan a dabbarta, ta nemi abinci, ta haihu, ta tsere wa mai cin ta.

Dorina tana cin mutum?

Ciyawa take ci, da dare take fitowa kiwo. Kisa kam tana yi in ka shiga tsakaninta da ruwa ko ka matsa kusa da ɗanta.

A ina zan ga fadamar?

Haba jama'a, kuna Bauchi kuna wannan tambaya? Ga Yankari nan a Alkaleri, tun 1956 aka keɓe dajin, kogin Gaji ya ratsa shi, da rani in ruwa ya ƙafe ko'ina giwa da ɓauna da gwambaza duk bakin Gaji suke taruwa. Amma sai mutum ya je ya yi wanka a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin dajin, ya ɗau hoto ya dawo, wai ya ga daji. Ku bi motar zagaye da sassafe don Allah. 'Yan Gombe kuma ga dam ɗin Dadin Kowa, manoman bakin ruwan sun san dorina sarai.

Zan iya sa dabbar ta yi tunani kamar mutum?

To wannan ita ce mai wuya. In ka hana ta ji kwata-kwata labarin zai bushe, ba wanda zai kai shafi na biyu, in kuma ka sake mata baki ta fara wa'azi ka koma tatsuniya. Ni a ganina, kuma wani zai iya saɓa min, ka tsaya kan abin da jikinta ya sani, yunwa, tsoro, wari, zafin rana. Ɗauki kada. Tana haƙa rami a yashin gaɓa ta binne ƙwai, ta yi gadi kusan wata 3, guza na kewaye yana jiran ta gusa ya tone, in 'ya'yan suka fara kuka daga cikin ƙwai sai ta tone su ta kwashe a baki ta kai ruwa. Me za ka ƙara a nan? Ba sai ta ce "wayyo 'ya'yana" ba, mai karatu zai ji da kansa. Amma fa in na yara ƙanana ne, ɗan sassauci ba laifi, ya danganta da wanda kake rubuta wa.

Ban taɓa ganin kada ido da ido ba, in haƙura?

Kar ki haƙura 'yar'uwa. Ki zauna da masunta da tsofaffin mafarauta, ki tambaye su lokacin da take shan rana da yadda sawunta yake a laka, ki rubuta abin da suka faɗa kafin ki manta.