Ɓacin rai ba raunin bangaskiya ba ne

An daɗe ana cewa mai bi na gaskiya ba ya fushi, ba ya kokawa, wai duk wanda ransa ya ɓaci bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Masu faɗa da kyakkyawar niyya suke yi, amma maganar ta sa 'yan'uwa da yawa suna haɗiye damuwa, su zo sujada da murmushin dole.

Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Afisawa 4:26 ba ta hana fushi ba, abin da ta hana shi ne ya kai mutum ga zunubi, ko rana ta faɗi yana riƙe da shi. A Markus 3:5 Yesu da kansa ya dubi mutane da fushi saboda taurin zuciyarsu. A Zabura 13 kuwa, sau huɗu Dawuda yana tambayar Ubangiji, har yaushe?

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Iliya, a 1 Sarakuna 19. Ya zauna a gindin itace, ya roƙa ya mutu. Ba a yi masa faɗa ba. Mala'ika ya tashe shi, ga abinci da tulun ruwa wajen kansa, ya ci, ya sha, ya sake kwanciya. To, uwar da aka ɗauke mata wuta tana tsakiyar guga, yara na kuka, ta yi tsaki, ina ta fita daga bangaskiya?

Duk lokacin da aka kawo muku irin wannan magana, ku nemi sura da aya, ku karanta surar dukanta, sannan ku tambayi fastonku. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.