Waiwaye: Yadda Cocin St Etheldreda Ya Koma Hannun Katolika

Galibin tsofaffin cocin Ingila, waɗanda aka gina tun kafin Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534, yau a hannun 'yan Anglika suke. Shi ya sa St Etheldreda, tsohon cocin da ke layin Ely Place a Landan, ya fita daban: a hannun Katolika yake.

Wajen shekarar 1290 aka gina shi, a matsayin ɗakin ibada na fadar da bishof-bishof na garin Ely ke sauka idan sun zo birnin, aka kuma sa masa sunan waliyyiyar da ta kafa gidan ibadar Ely a 673. Hawa biyu ne. Na ƙasa duhu gare shi, da bangaye masu kauri sosai. Na sama kuwa zaure ne guda mai tsayi, ba ginshiƙi a tsakiya, kuma tagogin gabas da na yamma sun kusa cinye bangon baki ɗaya, dutsen kawunansu an sassaƙa shi kamar saƙa. Maginan Gotik, salon gina coci na Turai a lokacin, haske suke nema, nan kuwa sun same shi.

Da aka haramta ibadar Katolika, ginin ya yi ta sauya hannu. Wajen 1620 jakadan Spaniya, Gondomar, ya zauna a fadar, Katolikan Landan suka riƙa shigowa sujada ƙarƙashin kariyarsa. Babbar gobarar Landan ta 1666 ba ta iso shi ba. Bayan 1772 aka rushe fadar aka jera gidaje, ɗakin ibadar kaɗai ya tsira, daga baya 'yan Anglika masu harshen Welsh suka yi amfani da shi.

Dawowarsa ba kyautar gwamnati ba ce. Gwanjonsa aka yi wajen 1874, Fada William Lockhart na Rosmini, wata ƙungiyar limaman Katolika, ya saya a kan fam 5,400. A ganina wannan ne ya fi taɓa zuciya: mutane suna biyan kuɗi don karɓo abin da kakanninsu suka gina.

Bam ɗin Jamus ya fasa rufin a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tagogin suka tarwatse. Gilashin gabas na yanzu aikin Joseph Nuttgens ne na 1952, na yamma kuma Charles Blakeman ya yi shi a 1964, da hotunan Katolikan da aka kashe saboda addininsu. Har gobe 'yan Rosmini ke kula da cocin.