Zaki Yana Bin Alade Har Bukkar Mai Gadin Gona

'Yan'uwa manoma da makiyaya da ke maƙwabtaka da dajin Yankari, da gandun W a Nijar, da Waza a arewacin Kamaru, ku ji abin da ya auku a Tanzaniya. Daga 1990 zuwa 2005 zakuna sun kashe mutum fiye da 560 a ƙasar, abin ya fi muni a yankunan Rufiji da Lindi.

Zaki bai fito neman mutum ba. Namun dawa sun yi ƙaranci, aladen daji kuwa sun yi yawa, suna shiga gonaki da dare suna ɓarna. Manomi ya kafa 'yar bukkar ciyawa a tsakiyar gona ya kwana don ya kore su. Zaki ya biyo sawun alade, sai ya tarar da mutum yana barci ba ƙofa ba katanga. Yawancin mutanen wurin Musulmi ne, ba sa farautar alade don ci, shi ya sa aladen suka yaɗu.

Akwai kuma maganar wata. An fi kai hari a kwanakin da ke bin daren sha huɗu, lokacin da wata ke jinkirin fitowa. Zaki bai samu abin kirki ba a farin wata, ga yunwa, ga duhu tun daga magariba, mutane kuma ba su shige ɗaki ba. A irin waɗannan ranaku, don Allah kar a aiki yaro rijiya ko bayan gari shi kaɗai.

In gadin gona ya zama dole, a kwana mutum biyu ko uku, da wuta da tocila. Garke a kewaye shi da shinge mai tsayi da kauri, ba ƙaya 'yar kaɗan ba.

Wanda dabba ta ciza ko ta yaƙusa, a danne jini da tsumma mai tsabta, a wanke raunin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti don allurar tetanus da ta ciwon haukan kare. Kar a cusa toka ko kashin shanu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zuba guba a mushen saniyar da zaki ya kashe. Ungulu da kura da karnukan gari ne ke mutuwa, wani lokaci har ruwan sha ya gurɓace. A kai rahoto ga mai unguwa da ma'aikatan gandun daji tun ranar da aka ga sawu.