Waiwaye: Da wane mudu ake auna matsayin mutum a Legas?

A 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon binciken da ta bi gida-gida ta yi a 2018 zuwa 2019. Ta ja layi a kan naira 137,430 a shekara, ta ce duk wanda abin da yake kashewa bai kai haka ba yana cikin talauci. Da wannan lissafi kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya suka faɗa ƙasan layin. A Sakkwato kusan kashi 88 ne, a Legas kuwa kashi 4.5 kacal. Wanda ya taɓa bi ta kasuwar Mile 12 ko ta Alaba Rago da tsakar dare, ya ga samarinmu a jere kan kwali da tabarma, zai ce ina aka samo wannan adadi. Sai dai shi ma idonsa na iya ruɗarsa, domin a cikin masu kwanan kwalin akwai wanda ya bar gona da shanun huɗa da mata biyu a gida. Tambayar wane ne talaka, wane ne mai hali, wane ne a tsakiya, tsohuwa ce, kuma kowane zamani da yadda ya amsa ta.

A ƙasar Hausa ta da, ba a fara tambayar abin da mutum ya mallaka. Cewa ake yi ɗan gidan wa ne, kuma sana'ar tasa gado ce ko haye. Akwai masu sarauta, akwai talakawa, akwai bayi, kuma kuɗi bai cika sauya wa mutum wuri ba. Attajiri komai yawan jakunansa talaka ne a gaban sarki, sai ya tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa. Bawan sarki kuwa na iya fin ɗa manomi iko da dukiya nesa ba kusa ba. Su kansu talakawan hawa-hawa ne: malamai da fatake a sama, manoma da masaƙa da marina a tsakiya, mahauta da majema da maroƙa a ƙasa. Mahauci zai tara abin duniya, amma ranar neman aure a wani gidan a tuna masa da fawa. Har yau wannan bai mutu ba, ko a Agege ana jin ɓurɓushinsa.

Addini ya zo da ma'aunin da ya fi wannan adalci, don shi bai damu da asali ba. Wanda ya mallaki nisabi, wato kimanin giram 85 na zinare, har shekara ta zagayo, zakka ta hau kansa. Haka mai shanu 30 ko tumaki da awaki 40. A ɗaya gefen kuma malaman Malikiyya sun raba faƙiri, wanda yake da ɗan abin da ba zai kai shi shekara ba, da miskini wanda ba shi da komai. Tsakanin mai bayarwa da mai karɓa akwai jama'a masu yawa waɗanda ba su kai su fitar ba, ba su kuma cancanci a ba su ba. Su ne muke kira masu rufin asiri, tun kafin masana tattalin arziki su fara maganar masu matsakaicin ƙarfi.

Ikko, wato Legas, ta fara birkita tsohon tsarin tun da wuri. Turawan Ingila sun karɓe garin a 1861, a 1863 kuma wani jami'insu, John Glover, ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu. Daga wannan runduna sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. Mutumin da jiya ake iya sayar da shi, yau ga shi da kaki da bindiga da albashi. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai shanu suka riƙa gangarowa, goro na haurawa, Zangon Agege ya cika. A nan aka samu wani sabon babba wanda ba sarauta ta ɗaga shi ba: maigida mai saukar baƙi. Bafatake ya sauka a gidansa, ya ci ya sha, maigida ya samo dillali, ya tsaya a kan bashi idan an ba mahautan gari shanu kafin su biya. Girmansa ba a kuɗin aljihu yake ba. Ana duba baƙi nawa ke sauka wurinsa, yara nawa ke cin tuwon gidansa, da kuma ko maganarsa kaɗai ta isa a saki kaya.

Su Turawa nasu ma'aunin daban ne. A can ƙasarsu, tun ƙidayar 1911 suka fara jera mutane bisa aikin da suke yi, daga likita da lauya har zuwa lebura. Daga baya, wajen shekarun 1950, masu talla suka fito da harufan A, B, C1, C2, D da E, suna duba aikin mai ciyar da gida. A Legas abin ya zo da launin fata: Ikoyi ta Turawa ce, manyan muƙaman gwamnati nasu ne, baƙar fata mai takardar boko ya tsaya a akawu. Da aka samu 'yancin kai sai 'yan boko suka gaji gidajen da muƙaman, takarda ta zama tsani. A Arewa kuma jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta ɗauki ra'ayin da ke kusa da na Karl Marx, cewa al'umma gida biyu ce, masu mulkin En'e da talakawan da ake tatsa. Wannan rabo ya yi aiki a siyasa, har ya kai ga gwamnatocin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979. Amma bai faɗi inda za a ajiye ɗan kasuwar Agege ba, wanda ba basarake ba ne, ba kuma wanda ake tatsa ba.

Akwai ɗan lokacin da albashi ya zama amsa mai sauƙi. Kwamitin Udoji na 1974 ya jera ma'aikatan gwamnati mataki na 1 zuwa na 17, kuɗin mai ya shigo, ƙaramin ma'aikaci ya sayi babur da rediyo. Idan aka ce wane yana mataki na 12, an gama bayani. Shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, ya kuma karya wannan lissafi. Malamin makaranta ya koma bin mai shago bashi.

Tun daga nan Legas ta koma auna mutum da unguwarsa. A 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko, aka kori mutane kimanin 300,000, filin kuma ya zama cikin mafi tsada a garin. Dokar haya ta 2011, wadda ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, da kanta ta tsame Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar manya ta Ikeja, kamar dai ta yarda cewa mazauna can ba sa buƙatar kariya. Ko wutar lantarki an raba ta rukuni-rukuni. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane kilowat. Abin dariya ne da takaici, don layin wuta bai san mai kuɗi ba. Tela mai keke ɗaya ya wayi gari a rukunin manya saboda kawai shagonsa na kan wayar da ke kai wa masana'anta.

Bankin Raya Afirka ya gwada nasa a 2011. Ya ce duk mai kashe dala 2 zuwa 20 a rana matsakaici ne, ya ƙirga kusan kashi 34 cikin 100 na mutanen nahiyar. An yi ta murna, amma a cikin rahoton an nuna fiye da rabinsu dala 2 zuwa 4 suke kashewa, jinya ɗaya ta isa ta mayar da su baya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara, sai aka ga su wa ke da tushe. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, Legas ta ce 85,000, amma kuɗin mota da haya sun riga sun lashe ƙarin.

Masu ƙididdiga sun gane cewa kuɗi kaɗai bai isa ba. A 2022 suka auna da ilimi da lafiya da ruwa da makewayi da abin girki da sauransu, suka samu mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, cikin talauci. Wannan ya fi kusa da gaskiya, amma ɗan ci-rani na zamewa ta tsakiya. A duba mai shayi a bakin titi: tebur ɗaya, gwangwanayen madara an jera su kamar dala, kiret ɗin ƙwai, risho, benci biyu. Idan dare ya raba ya naɗe kayan ya kwanta a ƙarƙashin teburin. Mai takardar tambayoyi gidaje yake bi, ba zai same shi ba. Ko da ya same shi, zai rubuta ba ɗaki, ba makewayi, ba firji. Ba zai ga kuɗin da yake kai wa mai POS duk Juma'a a tura gida ba, ko adashen da yake zubawa, ko buhunan takin da aka saya da sunansa kafin damina. A Legas yake samu, a Arewa yake kashewa, lissafi kuwa gida ɗaya a gari ɗaya ya sani. Ga kuma kishiyarsa, ma'aikacin kamfani mai ɗaure wuya, yana da ɗaki da falo da talabijin, takarda za ta sa shi a sama. Amma hayar shekara idan ta zo sai ya ci bashi, kuma ba shi da ko akuya a wani wuri. Ni dai ban yarda na biyun ya fi na farkon tsayuwa da ƙafarsa ba.

Mutanen gari da yawa ba sa ma wahalar da kansu da wannan. Da sun ga hula da doguwar riga sun ce "aboki", sun haɗa mai gadi da ɗan canji da dillalin da ke sauke tirelar shanu a Oko-Oba a wuri guda. Alhali Aliko Dangote, mai matatar man Lekki da aka gina don tace ganga 650,000 a rana, daga Kano ya zo garin nan. Illar wannan kallo ba zagi kaɗai ba ce. Lokacin da aka hana acaba a wasu sassan garin a 2020 da 2022, aka riƙa kama babura ana niƙewa, ba a bambance mai babur nasa na kansa da yaron da ke kawo balas ba. Ga na farkon jarinsa ne gaba ɗaya, wataƙila bijimi ya sayar ya saya. Rana ɗaya ta mayar da shi ɗan dako.

A tsakaninmu kuwa tsohon ma'aunin Zango bai gushe ba, ya dai sauya riga. Idan za a ba mutum aure ko bashin kaya, ba a tambayar nawa yake samu a wata. Ana tambayar wane ne maigidansa, ko shi ne maigidan wasu. Ana bincikar ko ya yi gini a gida, ko yana layya, ko ya sauke farali, ko idan ɗan garinsu ya rasu a nan yana cikin masu haɗa kuɗin likkafani. Wannan ma'auni yana da nasa aibin. Yana sa mutum ya ci bashi don a gan shi da rago, kuma mata, masu tuwo-tuwo da masu ɗinki a cikin gida waɗanda galibi su ke riƙe da kuɗin makarantar yara, ba su cika shiga lissafinsa ba.

Waɗanda lamarinsu ya fi sarƙewa su ne jikokin mutanen Zango, haifaffun Agege da Idi-Araba da Obalende. Suna jin Yarabanci kamar Hausa, da yawa sun yi boko, amma ba su da gona a Arewa da za su koma idan Legas ta yi zafi. Idan aka zo neman aikin gwamnati ko gurbin karatu aka ce a kawo takardar shaidar asali, wasu sai sun yi tafiya zuwa ƙaramar hukumar da kakansu ya baro, su nemi mai unguwar da zai yarda ya sa musu hannu.